Abin da Hoda Ta Rufe

A wajen ɗaukar fim ba wanda yake kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Hoda ake ce mata, ƙananan ma'aikata kuma su ce Anti Hoda, har ta kai idan aka kira sunanta na yanka a asibiti sai an maimaita kafin ta waiwayo. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan dariya amma akwai baki, kuma ita da take yi wa mutane kwalliya ba ta yi wa kanta. Takan ce in ta wuni tana shafa wa fuskokin jama'a, ko madubi ba ta son haɗa ido da shi.

Ba kwalliya ta karanta a kwaleji ba, ilimin halittu ta karanta. Su uku suka zauna ɗaki ɗaya tun shekarar farko har suka gama: ita, da Doguwa, da 'Yar Fara. Doguwa ce shugabar ƙungiyar wasan kwaikwayo, mai son ba da umarni ko da a kan wanke kwano ne. 'Yar Fara ce tauraruwar ƙungiyar, wadda in ta yi kuka a kan dandamali har malamai sai sun nemi hankici. Ita kuwa Hoda ba ta iya riƙe magana biyu a kanta ba ta manta ɗaya, don haka aka ba ta jakar kwalliya aka ce ta tsaya bayan labule. Nan sunan ya samo asali.

Akwai mutum ta huɗu da ba ɗaliba ba ce amma kusan a ɗakin take zaune, wato mahaifiyar 'Yar Fara. Ungozoma ce babba a wani asibiti, duk suna ce mata Mama. A ƙarshen mako takan zo da kuloli cike da abinci, ta tsaya a bakin ƙofa da farin takalminta ta ƙare wa ɗakin kallo, sannan ta ce kowa ta miƙo farcenta a duba. Hannunta kamar na maƙeri, in ta riƙe yatsanka sai ta ga dama za ta saki. Suna tsoronta, suna kuma ƙirga ranar zuwanta.

Bayan an gama makaranta kowa ta kama gabanta. Hoda ta yi ta yawon neman aiki har takalminta ya cinye, ba ta samu ba, sai ta yi aure. Mijin mai saurin hannu ne. A gidansa ta ƙware da gaske a sana'arta, domin a kan fuskarta ta koyi yadda ake danne shuɗin tabo da launin ruwan goro kafin a bi da hoda, da yadda ake karkata kai idan baƙo ya zauna ta ɓangaren da ya kumbura. Ba wanda ya taɓa tambayarta. Wannan ne abin da ya fi tsaya mata a rai, ya fi dukan ma. Ranar da ta fita daga gidan, akwatin kwalliyarta kawai ta ɗauka, ta koma ɗakin bayan gidan yayarta, ta fara yi wa amare da masu karanta labarai a talabijin.

Doguwa ta yi shekaru tana ɗaukar tallan sabulu da bidiyon biki kafin ta sami wanda ya yarda ya tsaya mata ta yi fim nata na kanta. Labarin ƙawaye huɗu ne da suka gama kwaleji tare, rayuwa ta watsa su: mai neman aiki, mai aure, mai kasuwanci, da wadda kowa yake ganin komai nata ya daidaita. Wannan ta ƙarshen Doguwa ta rantse ba wadda za ta fito a ita sai 'Yar Fara, duk da cewa 'Yar Fara ta bar wasan kwaikwayo tun tuni, tana zaune a bayan kanta a wani kamfanin waya tana sauraren ƙorafin mutane. Ta auri wani malamin lissafi na sakandare, mutum mai shiru, wanda ƙawayen suke kira Malam. Zumuncin ƙawayen ya koma na saƙon waya. In an tambaye ta Mama, takan ce tana nan lafiya, ta yi ritaya, tana gaishe ku.

Da ƙyar ta yarda ta fito a fim ɗin. Ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta kafa sharaɗi ɗaya: ba za ta wuce yamma a wajen ɗauka ba, ko da kuwa ana tsakiyar fitowa ne.

Wani gida aka haya a hawa na uku na wani bene. Falo ne wajen ɗauka, cike da wayoyin lantarki da fitilu masu zafi, an rufe tagogi da baƙin yadi. Hoda aka ba wa ɗan ɗakin ajiya kusa da kicin, ta jingina madubi a kan kujera, ta jera burusanta a kan kwalin da aka kawo firij a ciki. Ranar farko su ukun suka cunkushe a ciki suna dariyar tsohon zamani, har mai kyamara ya leƙo ya ce ko a kawo kyamarar nan ne, fim ɗin ya fi armashi a nan.

A wannan safiyar ce, da 'Yar Fara ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwalinta, Hoda ta ga zane huɗu a wuyan hannunta, da na biyar ta ɗaya gefen. Shatin yatsu ne. Ta ɗauko soso ta rufe, ta ce agogon da za a sa mata zai zauna daidai a wurin. 'Yar Fara ta ce ƙofar mota ce ta datse ta. Hoda ta ce to.

Bayan wannan sai abin ya zama kamar wani ɓangare na aikin safe. Yau a ƙashin wuya, gobe a damtse, wata rana yaƙushi dogo a bayan kunne. Fatar 'Yar Fara ba ta ɓoye komai, ko sauro ne ya cije ta sai an gani daga nesa. Kullum da dalilinta: ta zame a banɗaki, ƙusar gado ce, kabad ne a buɗe. Wayarta kuma ba ta hutawa. Tana ƙara sai ta zabura kamar an watsa mata ruwan sanyi, ta fita baranda, ta juya baya, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Sau ɗaya Hoda ta ji tana cewa, don Allah ka yi haƙuri, saura kaɗan, kar ka buɗe ƙofar. Da yamma kuwa tun kafin a kashe fitilu Malam yana ƙasa a cikin tsohuwar motarsa, da riga mai dogon hannu a ɓalle har wuya komai zafin gari, ba ya hawowa, ba ya gaisuwa sai ɗaga hannu. Yana danna ham sau ɗaya, ita kuma ta sauka da gudu, wani lokaci da kwalliyar fim a fuskarta.

Hoda ta san wannan gudun. Ta yi shi.

Wata safiya ta tura ƙofar ɗakin ajiyar ta jingina bayanta a jiki.

"Ke, dube ni. Wa yake taɓa ki?"

"Ba kowa."

"Ni za ki gaya wa ba kowa? Ni da na yi digiri a kan ƙofar mota da ƙusar gado?"

'Yar Fara ta dubi madubi maimakon ta dube ta. "Ki yi aikinki, ƙawata. Suna jirana."

Hoda ta kai maganar wajen Doguwa. Doguwa tana tsugune a kan matakala da takardun fitowa a cinya, idonta ya yi ja don rashin barci. Ta ce ita ma ta lura, ba makauniya ba ce. Amma mai gidan ya ce ba zai ƙara musu ko yini ɗaya ba, kuma fitowar 'Yar Fara mafi nauyi ba a ɗauke ta ba tukuna. Ta roƙi Hoda ta bari a gama, sannan su zaunar da ita su biyu, a tsanake. Hoda ta ce haka kowa ya ce a kanta, a bari a gama, a bari a ga. Doguwa ta ce kada ta haɗa ta da waɗancan mutanen. Suka rabu kowa da fushinta, suka koma aiki kamar ba a yi ba.

Ranar babbar fitowar, 'Yar Fara ta iso a makare da baƙin tabarau. Da ta cire, gefen idonta na hagu ya kumbura, ya yi baƙi-baƙi har zuwa kan kunci. Fitowar kuwa ta kusa ce, kyamara a kan fuskarta kaɗai, inda matar da kowa yake sha'awar rayuwarta take zaune a tsakiyar ƙawayenta tana ce musu ita lafiyarta lau. Hoda ta sa ƙanƙara a hankici ta danna mata, ta bi da launi a kan launi. A falo ana ta kiran a yi sauri. Da ta gama, ko ita da ta yi aikin sai ta matso sosai take ganin wurin. Doguwa ta leƙo ta duba, ta sa aka juya fitila zuwa dama, ba ta tambayi komai ba.

'Yar Fara ta yi fitowar a ɗauka ɗaya. Ta ce lafiyarta lau tana murmushi, kuma duk wanda yake falon ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Mai riƙe da sandar sauti har ya manta ya sauke hannunsa bayan an ce a yanke.

Ana cikin tafi ham ɗin ya yi ƙara daga ƙasa.

Hoda ba ta san lokacin da ta riga 'Yar Fara sauka ba. Ma'aikata suna loda kaya a babbar mota, masu shago na ƙasan benen suna zaune a bakin ƙofofinsu. Ta tsaya a gaban motar Malam ta buga bonet da tafin hannu. Ya fito yana tambayar ko lafiya, Anti. Ta gaya masa abin da ta jima tana son gaya wa wani mutum daban. Ta lissafa masa wuyan hannu da ƙashin wuya da ido. Ta ce ita ce take rufe aikinsa kowace safiya kuma ta gaji. Ta ce mutumin da ake ba wa 'ya'yan jama'a amana, ga abin da yake yi a gidansa. Muryarta ta cika layin.

Malam ya tsaya hannuwansa a gefe. Ya dubi matarsa da ta tsaya a kan matakalar ƙarshe, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ta girgiza masa kai kaɗan. Ya rufe bakin. Ya zagaya ya buɗe mata ƙofa, ta shiga, suka tafi. Hoda ta ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi. Haka kowa ya ɗauka. Ba ta lura da cewa wani daga cikin masu kallo ya ɗaga wayarsa tun daga farko ba.

Washegari 'Yar Fara ba ta zo ba, wayarta a kashe. Kafin rana ta take, bidiyon ya zaga. Fuskar Malam a fili, lambar motarsa a fili, muryar Hoda tana ambaton 'ya'yan jama'a. Mai kula da kayan sawa, wadda ɗanta yake makarantar da Malam yake koyarwa, ta ce iyaye sun cika zauren hirarsu na waya da maganar, kuma shugaban makaranta ya ce Malam ya zauna gida har a bincika. Wasu a wajen ɗaukar suka riƙa jinjina wa Hoda. Ita kuwa hankalinta yana kan 'Yar Fara, don ta san abin da irin waɗannan maza suke yi idan an kunyata su a waje, kuma ta san a kan wa suke hucewa.

Da aka sake kwana wayar tana kashe, Doguwa ta sallami kowa, ta ce Hoda ta shiga mota. Ba su taɓa zuwa gidan 'Yar Fara ba, sai da suka yi ta tambaya. Layi ne matsattse, gidan yana ƙarshe, da ƙofar ƙarfe mai launin toka. A can saman ƙofar, inda sai dogon mutum zai kai, an liƙa sakata ta waje. Hoda ta nuna wa Doguwa da haɓa.

Tun kafin su ƙwanƙwasa suka ji. Wani abu ya faɗi ya tarwatse, murya tana ihu a sake ta, sai muryar namiji tana lallashi, sai ƙarar kujera da aka ja a kan siminti. Hoda ta sa kafaɗa ta daki ƙofar. Ba a kulle take sosai ba, ta buɗe, har ta kusa kifawa ciki.

A tsakiyar falon Malam ne, da singileti a jikinsa, ya rungumo wata tsohuwa ta baya ya riƙe hannuwanta biyu. Tsohuwar ta ɗora farar rigar asibiti a kan kayan barci, ta ɓalla maɓallan a karkace, ƙafa ɗaya da farin takalmi ɗaya babu. Tana kai masa duka da gwiwar hannu, tana ƙoƙarin cizon damtsensa. Hannuwansa daga kafaɗa har wuyan hannu duk yaƙushi ne da shatin haƙora, sabo a kan tsoho. 'Yar Fara tana durƙushe tana tattara fasasshen filas da hannu don kada a taka.

Sai da tsohuwar ta juyo da fuskarta sannan Hoda ta gane ta. Ta rame ta koma rabi, gashin ya yi fari fat. Hannuwan ne kawai ba su canja ba.

"Mama," in ji Hoda.

Mama ta dube ta kamar yadda ake duban bango. Ta ce su wane ne waɗannan, me ya sa ake tara mata mutane alhali akwai mace a kan gwiwa tana jiranta, jini yake zuba, in ta mutu alhakinta a wuyan wannan ƙaton da ya riƙe ta. Ta finciko hannu ɗaya ta kai wa Malam mari, ya kau da kai ya same shi a kunne.

'Yar Fara ta ajiye gilasan a kan tebur, ta goge hannu a zaninta, ta bi ta gefensu ta fita waje ba tare da ta kalle su ba. Ta ja ƙofar. Sai ta ƙwanƙwasa da sauri, ta shigo tana haki kamar wadda ta yi gudu daga nesa, da wata murya siririya ta ƙaramar ma'aikaciya mai tsoron babba.

"Sista, an aiko ni. Ta haihu. Mace aka samu, uwa da jaririya duk lafiya. Likita ya ce ki huta, sai an neme ki."

Mama ta tsaya cak. Ta tambaya ko mabiyiya ta fita duka. 'Yar Fara ta ce ta fita, an duba. Ta tambaya wa ya yanke cibi. Aka ce wadda ta koya wa. Kafaɗun tsohuwar suka sauka. Malam ya sassauta riƙon a hankali, ya zaunar da ita a kujera, ya durƙusa ya cire mata takalmin nan ɗaya. Ta dafa kansa ta ce Allah ya yi masa albarka, yaron kirki, ɗan wane ne shi?

Sai da aka kai ta ɗaki ta kwanta sannan aka yi magana, a kicin, a tsaye, don kujerun falo duk an ɗaure su da juna saboda kada Mama ta yi jifa da su. 'Yar Fara ta ce ciwon mantuwa ne, ya daɗe, ya fara da ɓatan makulli ya kai ga ɓatan sunan 'yarta. Kusan kowace safiya Mama takan tashi da shirin tafiya aiki, kuma duk wanda ya tare ƙofa shi ne abokin gaba. Ta taɓa fita aka tsinto ta a bakin babban titi, shi ya sa aka liƙa sakatar waje. Masu aikin da suka ɗauka ba wadda ta daɗe. Tun da aka fara fim ɗin Malam ne yake rugowa daga makaranta tsakanin darasi da darasi, wata maƙwabciya tana riƙe musu sauran lokacin, ita ma daga yamma ba ta iyawa. Lokacin da Mama take da sauran hankalinta, ta kama hannun 'yarta ta sa ta yi alkawari ba za ta bari mutanen da suka san ta su gan ta haka ba. 'Yar Fara kuma ta sa mijinta ya yi mata irin alkawarin.

"Na tambaye ki," in ji Hoda. "Na rufe ƙofa na tambaye ki."

"Kin tambaye ni, kin riga kin ba kanki amsa."

"Da kin ce mini ba shi ba ne."

"Na ce miki ba kowa. Uwata ce. Me kike so in ce, uwata ce take dukana?"

Doguwa ta sa baki ta ce su duka sun yi kuskure, 'Yar Fara ta ce ita ba ta tsaya a titi ta yi ihu ba. Malam ya shigo ya sa rigarsa mai dogon hannu yana ɓalla maɓallai. Hoda ta fara ba shi haƙuri, kalmomin suna fita a hargitse. Ya saurara har ta gama, ya ce ba komai Anti, sannan ya ɗauki tsintsiya ya fita falo. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Abin da ya rage shi ne makarantar, kuma a nan ne wuyar take. Ba yadda za a wanke Malam ba tare da an fito da Mama ba. Shi ya ce ba zai karya alkawarin da ya yi ba, maganar tana hannun matarsa. Ita kuma ta yi kwanaki tana juya abin, ba ta ɗaukar wayar kowa. A ƙarshe ta aika wa Hoda saƙo gajere, ta ce ta same ta a ƙofar makarantar da safe, kuma kada ta zo da akwatinta. Suka shiga ofishin shugaban tare, fuskar 'Yar Fara ba komai a kanta, tabon ya koma rawaya-rawaya. Ta faɗi abin da za ta faɗa cikin murya ɗaya, ta ajiye masa takardar asibiti, ta roƙe shi maganar ta tsaya a ɗakin. Hoda ta faɗi nata. Shugaban ya ce ya gamsu, amma shi ba shi da iko da wayoyin mutane.

Gaskiya ya faɗa. Hoda ta ɗauki kanta a bidiyo, ta ce ta zargi mutum da abin da bai aikata ba, ba ta faɗi dalili ba. Waɗanda suka kalla ba su kai rabin rabin na farko ba, wasunsu ma suka ce an tsorata ta ne. Ta bi ma'aikatan fim ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta bi masu shagon ƙasan benen. Malam ya koma aiki, amma wasu iyaye suka nemi a cire 'ya'yansu daga ajinsa, yara kuma suka sa masa suna a bayan ido. Da zangon ya ƙare ya nemi canji zuwa wata makaranta a ɗaya gefen gari, wadda sai ya hau mota biyu idan tasa ta ƙi tashi.

Fim ɗin an gama shi, a wani gidan daban, Doguwa ta yanke fitowa biyu ta mayar da sauran zuwa tsakar rana lokacin da Mama take barci. Hoda ce ta ci gaba da yi wa 'Yar Fara kwalliya, don ba wata. Suna zama fuska da fuska, numfashin wannan yana taɓa waccan, ba mai cewa komai sai ɗaga kai, rufe ido, juyo nan.

Doguwa ce ta fara karɓar wani yini a mako tana zama da Mama. Hoda ta nemi ita ma a ba ta, aka ce za a neme ta. Ba a neme ta ba sai bayan watanni, ranar da maƙwabciyar ta yi tafiya, Doguwa tana wajen tace fim, 'Yar Fara kuma hutunta ya ƙare tuni. Saƙon bai wuce layi ɗaya ba. Hoda ta fasa kwalliyar amaryar da take da ita ranar ta tafi.

Tun daga nan take zuwa, har yanzu. Ba ta iya muryar ƙaramar ma'aikaciya ba, don in ta fara sai ta manta abin da za ta ce, ta sha mari sau biyu a kan haka. Sai ta samo nata hanyar. In Mama ta fara neman farin takalminta, Hoda takan cusa filo a ƙarƙashin rigarta ta miƙe a kan doguwar kujera tana nishi. Mama sai ta manta da ƙofa. Ta wanke hannu har gwiwa, ta zo ta danna nan ta danna can, ta yi mata faɗa a kan rashin zuwa awo da kuma dogon farce.

A haka Malam ya same su wata rana da ya dawo daga makaranta da wuri. Tun ranar kicin ɗin nan bai taɓa ce mata abin da ya wuce ina kwana da sai an jima ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a hannu, ya dubi filon, ya dubi Mama da ta kara kunne a kai tana sauraro da gaske.

"Anti," in ji shi, "sannu da naƙuda."

Hoda ta ɗago za ta amsa, Mama ta danne mata kafaɗa ta mayar da ita, ta ce ta yi shiru ta ja numfashi, maza kuma su jira a waje.